Ƙosan Inna Gudiya

"Inna, sauke kaskon ga," in ji jami'in duba-gari, da ƙarfi yadda duk layinmu zai ji. "Yara huɗu na kwance asibiti, kuma ƙosanki sunka ci."

Ina tsaye da kwanona a hannu. Inna Gudiya maƙwabciyata ce a Jega, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara ashirin tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Ba miji, ba dukiya, abin da ta mallaka kawai shi ne a ce abincinta mai tsabta ne.

"Ɗan nan, mi kag gani ga ƙosaina?"

"Muna zargin an zuba ma waken fiya-fiya, maganin ƙwari. Za mu tahi da ƙullun a gwada."

A wajenmu, in aka zargi mai abinci, ci take yi a gaban jama'a don ta wanke kanta. Inna ta ɗebi ƙosai da zafinsa ta ci, ta ƙara, ta ƙara, har ɗanyen ƙullun ta kurɓa da ludayi. Jami'in na cewa ta bari, ita tana cewa, "Ku duba! Ni ka kashe ɗiyan mutane?" Mu kuwa, Allah wadaranmu, muka tsaya kallo.

Kafin azahar na tarar da ita a tsakar gida, amai da yawu sun jiƙa mata zane. Ta riƙe hannuna.

"Zuhura, waken ya yi kyau, ko ƙwaro guda babu. Shi yas sa nis saye."

"Wurin wa, Inna?"

"Shagon Alhaji Bala."

A cikin keke napep ta cika, ba mu kai asibiti ba.

Gwaji ya nuna akwai guba. Na faɗa wa duba-gari abin da Inna ta ce, amma da suka isa shagon an kwashe buhunan waken, wai sun wuce garin Maiyama. Alhaji Bala har gaisuwa ya zo, ya ja doguwar addu'a, muka shafa. Yaran sun warke, amma a unguwa sunan Inna ya koma tsohuwar da ta ba yara guba. Wallahi abin na ci mini rai.

Ranar sadakar uku 'yarta Salma ta yi waina ta aika gida-gida. Da la'asar kwanukan suka yi ta komawa a rufe, yadda aka kawo su. Nawa ban mayar ba, don kunya. Yana nan bayan ƙofa, ban buɗe ba.