Tsuntsun da ke Gindin Wuƙa

Shekara arba'in Ɗanladi yana wasa wuƙaƙe a lungunan unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, da injinsa na ƙafa da dutsensa, ba iƙama ta izinin zama, ba takardar komai. Mahauta sun san shi, matan gida sun san shi. Asibiti ne bai san shi ba. Yanar ido ta rufe wa matarsa Mas'uda ido biyu, shekara uku ke nan sai laluben bango, kuma duk inda ya kai ta tambayar ɗaya ce: ina iƙama?

Wata safiya yana washi a ƙofar gidan Daktur Hatim, likitan ido mai ƙaramin asibitin kansa a Utaibiyya, sai ya zaro wuƙar babansa zai yanke igiya. Wuƙar aljihu ce ta Jamus mai ƙotar ƙahon barewa, da ɗan harshen ƙarfe a jiki. Ka kwantar da shi ka danna, sai kaifin ya fito, tas! Likita ya ji ƙarar nan daga cikin mota, ya fito kamar an kira sunansa.

Ashe tara irin waɗannan wuƙaƙe mutumin yake yi, akwati guda. Ya karɓi wuƙar, ya juya ta, ya shinshina ta, ya nuna gindin kaifin inda tsatsa ta ci.

"Ƙarƙashin tsatsar nan akwai tambarin maƙerin," in ji shi da Larabci. "Tsuntsu ne a kan maƙera. In fikafikansa a buɗe suke, ƙirar bayan yaƙin duniya ce, ina da uku. In a rufe suke, ta kafin yaƙi ce, kuma shekara ashirin ina nemanta. Kawo min ita asibiti ranar Lahadi in duba da madubina. In ita ce, ni zan yi wa matarka aiki, ido biyu, ba mai tambayarka takarda. Amma ka kawo ta yadda take."

Ɗanladi ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. To, a nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Ya dubi wuƙar, kunya ta kama shi. Shi, mai washi ɗan mai washi, ya miƙa wa babban mutum abu da tsatsa? Ai ko goro za ka kai wa manya sai ka wanke shi. "Yadda take" ɗin nan kuwa, ya ɗauka kara ce irin ta masu hali, kamar baƙo ya ce kada a wahala da girki. Ya hau injinsa ya taka, ya bi ta da dutse mai laushi, ya goge da fata, har yana ganin gemunsa a ciki. Wallahi aiki ya yi kyau. Ban taɓa jin aikin da ya yi kyau ya kashe mai shi irin wannan ba.

Ranar Lahadi ya riƙo hannun Mas'uda suka shiga. Likita ya kwance ƙyallen da aka naɗo wuƙar a ciki, ya danna, ya kai madubi gindin kaifin. Wayam, sumul kamar tafin jariri.

"Haram alaik, ya sheikh! Me ka yi?"

"Gyara ta na yi, ya Daktur. Don girmanka."

"Ka kankare shekarunta! Yanzu ƙarfe ce kawai, wa zai yarda da ni?"

Ɗanladi ya durƙusa a kan tayil. Ya ce a karɓi injin, a karɓi dutsen, zai yi wa gidan likita washi har ya mutu. Ya yi rantsuwa da Ka'aba, ya kama gefen farar rigar mutumin yana kuka, tsoho da furfura, bai ma ji kunyar ma'aikaciyar da ke tsaye ba. Likita ko kallonsa bai yi ba. Wuƙar yake shafawa, idonsa ya yi ja. Abin ya ƙona Ɗanladi: ga mace makauniya a zaune, mutum yana makokin ƙarfe.

"Malam, tashi," in ji Mas'uda. "Ka zubar mana da mutunci ya isa."

Ta juya inda take jin numfashin likita. Ta ce shekara talatin ita ke shafa wa wuƙar nan man zaitun duk Juma'a, sai da idonta ya tafi tsatsa ta samu hanya. Ta laluba ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin, ta zana da farce: ga maƙera, ga tsuntsu yana kallon hagu, fikafikai a manne da jiki, ga ɗigo biyu ƙarƙashin ƙafarsa.

Likita ya janyo wani littafi mai kauri, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Bai taɓa ambatar ɗigo biyun ba, ga su kuwa a shafin.

"Ita ce," ya ce a hankali, kamar mai amsa ta'aziyya. Ya naɗe wuƙar ya jefa a aljihun tebur. "Na yarda da ke, Hajiya, amma shaidar ta tafi. Ido ɗaya zan yi. Ku zaɓa."

Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Ido guda na matarsa ya kankare da ƙafarsa a kan injin nan, kuma ya san har kabari da shi zai tafi.

Mas'uda ta gyara mayafinta, ta miƙa hannu ta samu kansa, ta dafa.

"Yi na hagu, Daktur," ta ce. "Ta nan yake riƙe ni in muna tafiya. Ina so in ga fuskar gwanin nan."