Ashana a Hannun Saliha

Iyatu ta kai shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa a Rugar Maharazu da ƙauyukan da ke jikinta. Rugar ta Fulani ce da suka zauna a bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure tun zamanin da aka sako ruwan madatsar Tiga, suka bar yawo, suka haɗa kiwo da noman rani. A cikin samari da magidantan wurin, da wuya ka nuna wanda ba ita ta yanke wa cibiya ba.

A 'yan shekarun nan aikin ya ja baya. Da farko ta ɗora laifin a kan asibiti, tunda yanzu mace na fara naƙuda sai a kira mai adaidaita sahu a nufi Kura da ita. Amma ko wadda ta haihu a asibiti gida take dawowa, kuma Iyatu ake kira ta wanke jariri, ta gasa masa cibiya, ta dama wa mai jego kunun kanwa. Don haka babu haihuwar da ke wuce ta. A da, tsakanin ƙaramar salla da babba takan ci tuwon suna shida ko bakwai. Bana biyu ta ci. Ga matan nan kuwa a ɗakunansu, ga mazajensu, ba wanda ya yi ƙaura.

Abin da ya fi damunta a cikin gidanta yake. Tun rasuwar mijinta tana zaune ne a wurin autanta Ibrahimu. Matarsa Saliha 'ya'yanta uku, ƙaramarsu Zuliha ta shiga shekara ta biyar, har an sa ta a Islamiyya, amma shiru kake ji. Saliha ba ta cika talatin ba, lafiyarta ƙalau, ita kaɗai take jan buhun shinkafa shanshera daga zaure zuwa tsakar gida. Iyatu ta auna ta auna, ta yanke cewa wahalar da yarinyar ta sha a haihuwar Zuliha ce ta taɓa mata mahaifa. Sai ta shirya ta tafi Kura wurin wani mai magani da ta sani tun tana budurwa, ta karɓo sassaƙe da saiwoyi. Kullum da safe ta dafa da jar kanwa, ta tace a kofi. Saliha takan durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta shanye tas, ta ce an gode. Maganin kuwa ɗaci gare shi, har Zuliha ta taɓa lasa ta yini tana tofar da yawu. Haka aka yi wata biyar.

Sana'ar matan gidan turara shinkafa ce. A jiƙa shanshera ta kwana, a ɗora a rabin duro ta sha tururi, a baza a tamfol ta bushe, sannan Ibrahimu ya kai inji a casa. Wata Laraba da hantsi Iyatu da Saliha suna sauke duron su biyu, sai tsumman da Saliha ta riƙe da shi ya zame, ruwan zafi ya kwaro mata a hannun hagu, daga gwiwar hannu zuwa sama. Iyatu ta zaunar da ita a kan turmi, ta yi ta zuba mata ruwan randa, sannan ta naɗe mata hannun riga ta shiga shafa zuma. A cikin damtsen, can wajen da ruwan zafin bai kai ba, babban yatsanta ya ji wani abu a ƙarƙashin fata, siriri mai tauri, tsawonsa kamar tsinken ashana. Ta sake dannawa. Ta sha jin mata suna maganar abin ƙasa-ƙasa a gidan suna, ashana suke ce masa, a asibiti ake sa wa mace don kada ta ɗauki ciki, amma ba ta taɓa taɓa shi da hannunta ba sai ranar.

Saliha ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?" in ji Iyatu.

"Tun bayan arba'in ɗin Zuliha, Inna. An cire ta farko, wannan ta biyu ce."

Iyatu ta gama shafa zumar, ta yago ƙyalle mai tsabta ta rufe ƙunar, ta koma ta baza shinkafar ita kaɗai don kada ta lalace. Da ta gama ta ɗauki tukunyar maganin ta juye a gindin zogale. Ranar ba ta ci tuwon gidan ba, fura ta dama ta sha a ɗakinta. Ita kanta ba ta san wanne ya fi ci mata rai ba, abin da aka sa a hannun ko wata biyar ɗin da ta yi tana hura wuta da asuba, ita da ake kira ungozomar gari.

Washegari ta yafa mayafi ta bi gefen kanal zuwa gonar ɗanta. Ibrahimu yana ban ruwa a fangalin albasa, da ya hango ta sai ya ajiye tiyo ya taho da sauri, don rabon mahaifiyarsa da zuwa gona tun mahaifinsa yana da rai. Suka zauna a inuwar mangwaro. Ta tambaye shi ko ya san abin da ke hannun matarsa. Ya ce ya sani, shi ma ya ɗauke ta a babur ya kai ta. Ya tuna mata ranar haihuwar Zuliha, yadda jini ya ƙi tsayawa, yadda ita da kanta ta fito ta ce a nemo mota, da leda biyu na jini da aka ƙara wa Saliha, ɗaya daga jikinsa aka ɗiba. Ya ce likita ya ce ta huta, kuma sai da ya tambayi malami kafin ya yarda, aka ce masa idan don lafiya ne kuma miji da mata sun amince, babu laifi.

Iyatu ta ce shekara huɗu ta wuce hutu. Ibrahimu bai musa ba. Ya ce mata gonar mahaifinsu eka shida ce, da aka raba gado shi eka ɗaya da 'yan kai ya samu. Shanun da ya taso ya gani sun fi hamsin, yanzu bakwai ne a turke, su ma harawa ake yanko musu, don shinkafa ta cinye burtali har bakin titi. A da uba yana son 'ya'ya da yawa saboda garke yana buƙatar masu bi. Yanzu me za su bi? Shi so yake ukun nan su yi karatu sosai, na addini da na boko.

"Kai kake ciyar da su?" in ji ta. "Ni goma sha ɗaya na haifa, ban taɓa kwana ina tunanin abin da za su ci ba."

"Allah ne mai ciyarwa, Inna, ban ce ni ba ne. Amma mu nawa muka rayu?"

Biyar ne suka rayu. Ta miƙe ta karkaɗe zanenta, ya roƙe ta ta bari ya kai ta a babur, ta ce da ƙafa ta zo.

Kusan mako biyu gidan ba daɗi. Ana gaisawa, ana aiki tare, kullum da safe Iyatu tana duba ƙunar tana canza ƙyalle, amma hira ta ɗauke. Ana cikin haka, wata Asabar bayan azahar, aka aiko daga gidan Hashimu mai sayar da taki cewa matarsa Halimatu Sa'adiyya tana kan gwiwa. Haihuwarta ta goma ke nan, kuma tara ɗin duk a hannun Iyatu suka faɗo. Halimatu ba ta zuwa awo, takan ce ita haihuwa ba ta ba ta wuya.

Iyatu na shiga ɗakin ta ga abin ba irin wanda ta saba ba ne. Tun safe ake abu ɗaya, matar ta galabaita, ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya yi fari. Da ta shafa cikin sai ta ji yaron a gicciye yake. A shekarun baya da ta gwada juya shi, ta taɓa yi an dace, ta kuma taɓa yi ba a dace ba. Wannan karon ta leƙa zaure ta ce wa Hashimu ya nemo abin hawa yanzu-yanzu. Aka samu adaidaita sahun da ya sauke kwandunan tumatir, aka shimfiɗa katifa, Iyatu ta rungume Halimatu a jikinta har Kura. Kafin magariba an yi mata aiki an ciro 'ya mace. Uwa da 'ya duk suka rayu.

Iyatu ce ta zauna jinya, don 'yan'uwan Halimatu suna can wajen Garun Malam. A kwana na uku, bayan malamar asibiti ta zo ta yi musu bayani ta fita, Halimatu ta kamo gefen mayafinta. Ta ce malamar ta ce idan ta sake ɗaukar ciki nan kusa ɗinkin zai iya buɗewa. Ta ce ita ta gaji, ta daɗe da gajiya, tun na bakwai take jin jiri idan ta sunkuya, amma ba ta san ta inda za ta fara gaya wa maigidan ba. Shi kuwa duk duniya ba maganar da yake ji a kan haihuwa kamar ta Iyatu.

"Iya, ki yi masa magana. In daga bakinki ne zai yarda."

Iyatu ta ce mata ta kwanta ta huta, ba a wannan maganar da ɗanyen ɗinki. Ta fita ta zauna a kan benci a baranda. Ranta bai so ba. Sati biyu da suka wuce ta taka har gona a kan wannan abin, yau kuma ita ake so ta kai saƙonsa. Ta zauna tana kallon mata masu zuwa awo suna wucewa da katinsu a hannu, har Hashimu ya iso da kwanon abinci da fulas ɗin ruwan zafi.

Shi ya fara tayar da zancen. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce likita ya tare shi a ƙofa ya yi masa wani bayani, amma shi bai saba da maganar mutanen asibiti ba. Ita ta san jikin matarsa fiye da kowa, me ta gani?

Iyatu ta gaya masa abin da ta gani, ba ragi ba ƙari. Ta ce tara ta karɓa a ɗakin nan, kuma tun daga ta shida kowace tana fin ta baya wuya. Ta ce ranar Asabar da an ƙara awa ɗaya a gida, da yanzu zaman makoki ake yi, yara tara kuma suna tsakar gida ba uwa. Ta ce ita ba malama ba ce, ya je ya tambayi malamai, amma idan jikin Halimatu yake tambaya, jikin ya ce a dakata. Hashimu ya daɗe a durƙushe yana juya hularsa a hannu. Daga baya ya ce to, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya tashi ya shiga wurin matarsa.

Ran da aka sallame su Iyatu ta dawo gida da la'asar, ta tarar Saliha tana kwashe shanya. Ƙunar ta bushe, ta bar tabo fari. Iyatu ta zauna a bakin tamfol ta karɓi bakin buhu ta riƙe mata, Saliha tana zubawa da kwano. Sai da buhun ya kusa cika sannan ta yi tambayar da ke cinta tun ranar Larabar nan: me ya sa ta yi ta shan maganin, alhali ta san ba abin da zai yi?

"Ke kika dafa, Inna," in ji Saliha. "Kunyar faɗa miki nake ji, kuma ba zan iya zubarwa ba."

Iyatu ta ce ai da ta san haka ne da ta rage ɗacin. Saliha ta rufe baki da gefen ɗankwali tana dariya, suka ɗaure buhun suka jingine shi a zaure.

Iyatu ba ta canza ra'ayi a kan ɗanta ba. Har yanzu tana ganin uku sun yi kaɗan, kuma gidan yana yi mata faɗi da rana idan yaran sun tafi makaranta. Ta gaya wa Ibrahimu a gaban matarsa cewa tana son ta ƙara goya ɗansa ko ɗaya ne kafin bayanta ya gaza. Ya ce in Allah ya so. Saliha ta ci gaba da tankaɗe. Mata kuwa, tun da labarin Halimatu ya zaga rugar, suka fara zuwa wurin Iyatu da tambayoyi a kan hutun haihuwa, waɗanda a da ba ita ake kawo wa ba. Wadda Iyatu ta ga jikinta ya gaji takan ce mata ta je da mijinta Kura su ji bayani. Wadda take da ƙarfinta, da ɗa ɗaya ko biyu, takan yi mata faɗa ta sallame ta, wasu su ji, wasu su wuce asibitin ba tare da sun sake biyowa ta ƙofarta ba.

Ranar sunan 'yar Halimatu an yanka rago, an yi waina da miyar taushe. Iyatu ta wanke jaririyar da sassafe, ta sa mata kwalli, ta miƙa wa uwarta. Ba ta zauna yinin suna ba, don akwai shanshera buhu huɗu a jiƙe tun jiya, kuma hannun Saliha bai gama ƙwarin ɗaukar duro ba.