Kallon Bayan Kafaɗa

Ƙofar ɗakinsa ce ta fara lanƙwashewa. Mai Hoto ya tashi wata safiya ya tarar gefenta ya yi ciki kamar katakon ya sha ruwa, sai ya ɗora laifin a kan kafinta, wanda shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa, ba shi da halin kare kansa. Bayan mako biyu turken lantarkin da ke bakin layi shi ma ya karkace daga tsakiya, a wannan karon hukuma ce ta sha zagi. Sai ranar da matarsa ta miƙo masa shayi ya ɗaga kai zai yi godiya, ya ga ɗankwali, ya ga kunnuwa biyu da haɓa, amma tsakaninsu babu komai sai wani toka-toka kamar inda aka goge allo da tafin hannu. Ranar ce ya rasa wanda zai zarga.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a wani ƙaramin shago mai shuɗin labule, kuma a duk tsawon shekarun babu maganar da ta fi fita daga bakinsa kamar, "Kalle ni nan, kada ka motsa." Saboda haka da 'yarsa ta fari ta ce za ta kai shi asibitin ido, sai da aka yi kwana huɗu ana lallashi.

Likitan ya haska, ya leƙa, ya sa aka ɗauki hoton cikin idon, sannan ya yi bayani a hankali. A can bayan ido, in ji shi, akwai wani ɗan wuri da bai fi kan ashana ba, da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuska. Wurin yakan lalace idan shekaru suka ja. Na hagu ya daɗe da tafiya, na dama ne yake rufa masa asiri, yanzu shi ma ya soma.

"Baba, kana shan taba?"

"Na bari."

"Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya, likita," in ji 'yar, "da ya ji za mu zo."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce taba ta taimaki tsufa ƙwarai a wannan aikin. Ya rubuta allurar da za a riƙa yi masa a cikin idon dama duk wata don a tsare abin da ya rage, ya ce a yawaita ganye da kifi, a sa baƙin tabarau idan rana ta take, 'yan'uwansa da suka haura hamsin kuma su zo a duba su tun ba su ga komai ya karkace ba. Ya ba shi wata takarda mai layuka a tsaye da a kwance, da ɗigo a tsakiya, ya ce a manna ta a bango, kullum safiya ya rufe ido ɗaya ya dube ta, idan layukan suka ƙara lanƙwashewa ya zo a ranar, kada ya bari sai gobe. Duhu gaba ɗaya ba zai zo ba. Gefe zai tsaya, tsakiya ce ta tafi.

Wata nas mai haƙuri ce ta koya masa dabarar da ta jawo masa duk abin da ya biyo baya. Ta zaunar da shi, ta tsaya a gabansa, ta ce kada ya kalle ta, ya kai idonsa kamar taƙi ɗaya bayan kafaɗarta ta hagu. Ya kai. Sai ga fuska ta fito daga gefe, ba tas ba, amma da hanci da baki, har da wushirya. Tabon toka-tokan ya koma kan bango inda ba ya cutar kowa. Da ya dawo gida ya gwada a kan matarsa, ya daɗe yana kallon bayan kafaɗarta, har ta ce in ya gama ƙirga fentin bangon abinci yana hucewa.

A ƙofar shagon Tela akwai wani dogon benci inda tsofaffin layin suke zama da hantsi, su shida, su gyara ƙasa da baki, su watse kafin rana ta iso ƙafafunsu. Mai Hoto bai gaya wa kowa a bencin abin da ya same shi ba. Yana ganin ba mutunci ba ne a ce mutumin da ya ci abinci da idonsa ya kasa gane fuskar Tela. Ya ci gaba da zuwa, idan aka yi masa magana ya kai ido bayan kafaɗar mai maganar, ya amsa. Mai maganar kuwa sai ya waiwaya ya ga ko waye, ya tarar babu kowa.

Da farko abin raha ne. Hedimasta, ɗaya daga cikin 'yan bencin, ya ce wataƙila tsohon yana hangen wadda ta ƙi shi tun suna samari. Daga baya Mai Gyaran Rediyo ya zo benci wata Talata, Mai Hoto ya lura fuskarsa ta faɗa, idanunsa sun yi rawaya, ya tsaya yana kallonsa a hanyar da ta rage masa, ya daɗe, ya ce, "Malam, ka je a duba ka." Kwana tara bayan nan aka kai Mai Gyaran Rediyo makwancinsa. Wata guda bai cika ba mijin mai shagon kan kwana ya faɗi a banɗaki bai tashi ba, aka samu mutum uku da suka rantse sun ga Mai Hoto yana kallon bayansa ranar Lahadi. Gaskiya suka faɗa. Ya kalli bayan duk wanda ke layin, daga mai sayar da jarida har zuwa matarsa ta aure, sai dai waɗanda suka mutu kaɗai aka tuna.

Babu wanda ya tare shi da maganar, don mutanen layin masu tarbiyya ne. Abin da ya lura da shi kawai shi ne, duk wanda zai gaishe shi sai ya fara neman bango ya jingina bayansa, ya manne sosai yadda ko kyanwa ba za ta samu wurin tsayawa ba. Mata suka riƙa janye yara daga hanya. Idan ya doso benci sai Tela ya tuna da ɗinkin gaggawa, Hedimasta ya tuna bai sha maganin hawan jini ba.

Sai a lokacin ya ciro takardar layukan daga bango ya kai musu, ya yi bayanin kan ashana da allura da nas. Suka saurara da ladabi, kowa bayansa a jikin bango. Da ya tafi Hedimasta ya taƙaita wa sauran cewa, ke nan har likita ya duba ya ce abin ba na tabarau ba ne.

Akwai kuma abin da bai kai benci ba, bai gaya wa matarsa ba, nas kaɗai ya gaya wa, shi ma da murya ƙasa-ƙasa ranar allura ta biyar. Tabon ba kullum yake zama fanko ba. Wani lokaci, da rana tsaka, idan ya ajiye shi a bayan kafaɗar mutum, sai ya ga wani a tsaye a ciki. Ba abin tsoro ba ne a ido. Mutum ne cikin wankakkun kaya, an goge su da kyau, hannuwa a gefe, haɓa a ɗage, irin tsayuwar wanda ya zo a ɗauke shi hoto yana jiran a ce masa an gama. Ba ya magana, ba ya motsi, kuma Mai Hoto bai taɓa saninsa ba.

Nas ɗin ba ta ko ajiye audugar da ke hannunta ba. Ta ce sananne ne, masu wannan ciwon da dama suna gani, wasu furanni, wasu gine-gine, wasu mutane. Ƙwaƙwalwa ce take gajiya da wurin da babu komai, sai ta zana abinta. Ba hauka ba ne, ba ya cutarwa, ya ƙifta ido ko ya ƙara haske, zai wuce.

"To me ya sa a bayan mutane kawai yake tsayawa?"

"Saboda nan kake kai idonka, Baba."

Amsa ce mai ma'ana, ya karɓe ta, ya tafi da ita gida. Amma daga ranar ya rage kallon mutane.

Mutum ɗaya ne bai nemi bango ba, shi ne Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan motar haya, suka shaƙu tun ranar da ya zo hoton lasisi ya ce an mai da shi kamar ɓarawon da aka kama. Shi yakan zauna a tsakiyar bencin da aka watse, ya juya bayansa ga titi, ya ce, "Kalla da kyau, makaho, in ka ga wani ka ce ya zo ya biya kuɗin mota." Shi ne yake riƙe masa hannu su tsallaka titi ranar allura. Sai ga shi an kwantar da Direba, aka yi masa aiki a ciki, aka dawo da shi gida bayan kwana goma sha biyu tare da jakar magunguna da likitoci masu gajerun amsoshi.

Sau biyu Mai Hoto yana zuwa, sau biyu matar Direba tana cewa barci yake yi. A zuwa na uku, da la'asar, ta tsaya a bakin ƙofa, bayanta a jikin ƙyaure, ta yi magana a fili.

"Malam, ni ban ce komai a kanka ba, Allah ya sani. Amma ka san halin da muke ciki. In za ka shiga, ka kalle shi ido cikin ido kamar kowa. Kada ka kalli bayansa. Ka yi mini wannan alfarmar."

"Uwargida, in na kalle shi ido cikin ido ba zan gan shi ba."

"To ka ji muryarsa, ai ita ma gani ce."

Ya ce ya yarda.

Ɗakin yana warin man zafi da sabulun wanki. An jingina Direba da matasai biyu a kan gado kusa da taga, labulen a rataye ko motsi ba ya yi. Mai Hoto ya zauna a kujerar roba ya cika alkawari. Ya ga kan gado, ya ga bargo mai ratsi, ya ga hannuwa biyu da suka rame har agogon yana yawo a tsintsiyar hannu. Inda fuska take, toka ce. Muryar daga cikin tokar take fitowa.

"Makaho ya iso. Wa ya tsallako da kai?"

"Ƙafata. Na zo in ga ko sun bar maka wani abu a cikin, ko duk sun kwashe."

"Sun bar bakin. Shi suka ce ya fi ƙarfinsu."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa tana tsaron idonsa. Suka yi zancen Tela, suka yi zancen farashin magani, maganar tana yankewa saboda numfashi. Can Direba ya ce, "Maman yara, kawo wa baƙo ruwa. Ba na randa ba, ki sayo masa mai sanyi a shagon kan kwana, kada ya fita ya ce mu matsiyata ne." Ta ce yanzu za ta dawo. Suka ji ƙarar takalminta har ta fita ƙofar gida.

"To, kalle ni," in ji Direba.

"Ina kallonka."

"Matashi kake kallo, tsohon banza. Shekara nawa muna tare, ka zo ka zauna kana gaisawa da matashi? Kalle ni yadda kake ganin mutane."

"Na yi mata alkawari."

"Ni ban yi ba. Kuma ni ne a kwance."

 Mai Hoto ya san abin da nas ta ce, ya kuma gaskata ta. Ya san cewa idan ya tashi ya fita haka, abin da zai riƙe na abokinsa shi ne bargo da agogo. Ya ɗauke idonsa a hankali, ya wuce kunne, ya wuce kafaɗar hagu, ya ajiye shi a bango tsakanin gado da taga.

Fuskar ta fito. Ta ƙanƙance, kumatun sun shige, furfura ta cinye gemun da ba a aske ba, amma tabon da murfin injin mota ya yi masa a gira yana nan, bakin kuma a karkace yake irin na mai shirin tsokana. Mai Hoto ya bi ta a hankali daga goshi zuwa haɓa.

Mutumin yana tsaye a jikin bango. Kayansa a goge, hannuwa a gefe, haɓa a ɗage.

"Yaya?" in ji Direba. "Na yi kyau?"

"Ka fi hoton lasisinka."

"Ai ko gawa ta fi shi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya huta. Sannan ya tambaya, ba da wasa ba wannan karon, "Akwai wani?"

Mai Hoto ya ƙifta ido sau biyu kamar yadda aka koya masa. Mutumin bai wuce ba.

"Bango ne kawai," in ji shi, "shi ma yana son fenti."

Direba ya daɗe yana dubansa. Ya lumshe ido, ya gyara kansa a kan matashi.

"Ba ka taɓa iya ƙarya ba. To, ko ma waye, ka ce masa ya ɗan matsa, ya tare mini iska."

Mai Hoto bai kai ga isar da saƙon ba. Mutumin ya ɗaga ƙafa, ya matsa taku ɗaya zuwa kan gado, ya sake tsayawa yadda yake. Labulen ya ɗaga, iska ta shigo ta taɓa gashin gemun Direba.

"Yauwa," in ji Direba.

Daga waje aka ji an turo ƙofar gida, takalmi yana tahowa da sauri. Mai Hoto yana da lokacin da zai mayar da idonsa kan matashi kafin ta iso. Bai mayar ba. Ya jawo kujerar kusa da gado, ya kama hannun abokinsa, ya ci gaba da kallonsa.