Takun da Kogi Ya Ci

Kogin nan ba ya hayaniya in zai ci ƙasa. Sai dai ka ji wani "ɗim" da rana tsaka, ka waiwaya, ka ga gaɓar da ka tsaya a kai jiya babu ita. Sau uku ƙauyen yana tattara komatsansa ya ja da baya, kogin kuwa yana biye, ba ya gaggawa.

Shi ya sa mutanen ba sa kafa iyaka da dutse ko itace, don ambaliya kan share komai ta bar laka shimfiɗe. Da taku suke awo, daga bakin ruwa a miƙe gabas. Mai fito, tsohon da ke ƙetarar da su a kwalekwale, shi ke faɗin taku nawa kogi ya ci bayan kowace damina, kowa ya rage a nasa. Ba a taɓa yi masa musu ba.

Ranar da aka binne mahaifiyar Maƙeri, kabarinta na taku ɗari biyu daga ruwa. Shekara ashirin Maƙeri yana rage takun, yana zuwa daidai wurin ya durƙusa ya yi mata addu'a. Bana saura taku goma sha biyu kacal, ga hadari ya soma haɗuwa. Ya ɗauki shebur da farin ƙyalle, zai mayar da ita kan tudu kafin ruwa ya riga shi.

Ya haƙa har ƙugu, ya haƙa har ƙirji. Yashi ne kawai, fari tas, irin wanda hannu bai taɓa motsawa ba. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Can ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasan ramin, mai sanyi, yana lasar yatsun ƙafarsa. Tsoro ya kama shi sosai.

Inuwa ta faɗo masa. Ya ɗaga kai, sai ga mai fito tsaye da doguwar sandar tuƙinsa.

"Fito, ɗana. Ba ta nan."

"Kawu, na ƙirga daidai. Ban taɓa kuskuren taku ɗaya ba."

"Ba kai ka kuskure ba." Tsohon ya tsuguna a bakin ramin. "Ka tuna shekarar babbar ambaliya, da muka yi wata biyu a kan tudu? Da muka sauko na ce kogi ya ci goma. Hamsin ya ci."

"Hamsin?"

"Da na faɗi gaskiya, da kowa ya watse, da yau babu ƙauye. Na ce goma, kuka zauna."

Maƙeri ya fito daga ramin. Shekara da shekaru ashe yashi yake yi wa kuka. Ya dubi kogin, yana tafiya lumui kamar bai san komai ba.

"To tana ina?"

Mai fito ya nuna da haɓa, can inda ruwan ya yi duhu.

"Kullum ina ƙetarar da kai kasuwa. Ba ka lura in mun iso nan nakan ɗaga sanda, in bar kwalekwale ya wuce da kansa ba?"

"Na ɗauka hutawa kake yi, Kawu."

"A'a," in ji tsohon. "Gudun kada in soke ta nake."