Ƙashin da ke Ƙarƙashin Gadon Mai Rijiya

"Nawa?" in ji Mai Rijiya daga kan gado.

Ina durƙushe, rabin jikina a ƙarƙashin gadon, tef ɗin awona a hannu. Inci talatin da tara na gani. Na waiwaya, sai ga matarsa tsaye a bakin ƙofa ta kafe ni da ido.

"Arba'in da ɗaya, Baba. Kamar kullum."

"Madalla, 'yata."

Ni tela ce, katanga ɗaya ta raba ɗakin ɗinkina da nasa. Shekara goma sha ɗaya ina auna masa ƙashin nan farkon kowane wata, kuma sai ranar na fara yi masa ƙarya.

Shekara talatin da suka wuce ya tono shi, yana haƙa rijiya a bayan gari. Sai da ƙarti uku suka kama igiya kafin ya fito. Siffar ƙashin cinya gare shi, mai dunƙulallen kai gaba da baya, amma ya riga ya zama dutse. Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka: an tono ƙashin dodo.

Bayan mako biyu wani malamin jami'a mai tabarau ya zo da mota. Ya ce sunan dabbar dainoso, ta shuɗe tun babu ɗan Adam a doron ƙasa. Ya ce mai yiwuwa mutanen da ma irin wannan suke tonowa, su rasa na mene ne, sai su ƙera masa jiki da baki. Wasu su ce maciji ne mai fiffike, wasu su ce aman wuta yake yi, kowace ƙasa da dodonta. Ya auna, ya ɗauki hoto, ya dafa dunƙulallen kan ya ce da nan ake gane irin dabbar, kada a bari ko ƙwarzane ya same shi. In ta tabbata sabuwa ce, sunan wanda ya tono ta za a sa mata. Ya ce zai dawo da kayan aiki.

Har yau yana dawowa. Shi ya faɗi magana ya kaɗe rigarsa ya hau mota, ya bar bawan Allah da gadi. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma na tsane shi.

Mai Rijiya bai yi boko ba, sai dai ya riƙe karatun nan gam. Duk wanda ya ce dodo, sai ya gyara masa.

"Ba dodo ne ya bar ƙashi ba. Ƙashi ne ya haifi dodo."

Mutanen layinmu ba wannan ne ya dame su ba. Su garin ƙashin suke so, a kankaro musu ɗan kaɗan, na ciwon baya, na yaro mai firgita, na matar da haihuwa ta ƙi. Ya hana kowa, har da ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta yi shekara biyu ba ta taka gidan ba. Mahaucin bakin layi kuwa kullum sai ya tsokane shi.

"Shekara arba'in ina saran ƙashi, ban taɓa ganin wanda ake yi wa gadi ba. Ko miya ba zai yi ba."

"Naka karnuka ke jira," in ji Mai Rijiya. "Nawa jami'a ke jira."

Bana ƙurar rijiya da ya shaƙa ta tashi karɓar hakkinta. Tari, haki, idanun ma suka dushe. Asibiti suka ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a. A makon ne matarsa ta shigo ina kan keken ɗinki, ta tura ƙofa, ta kwance bakin zaninta. Wani gari ne ja-ja a ƙullin takarda. Da zartonsa take goge ƙashin, ta ɓangaren da ke jikin bango, duk hantsi in an fitar da shi tsakar gida shan rana. A shayi take zuba masa.

"Yaya, dutse ne fa," na ce.

"Na sani."

"In ya gane fa?"

"Ke za ki gaya masa? Shekara talatin ina share gefen abin nan, ko matsar da shi ban isa in yi ba. In bai yi masa rana yau ba, sai yaushe?"

Mace ce da mijinta ke mutuwa a gabanta, likita ya sallame ta hannu rabbana. Na ce zan rufa mata asiri, kuma na rufa. Yakan ce shayin kwanan nan da tsakuwa-tsakuwa, ita kuma ta ce sukarin yanzu ne ba shi da kyau.

Kwana tara bayan awon da na yi masa ƙarya, da safe, ya ce a jawo masa ƙashin yana so ya taɓa. Matar ta ce ya bari sai ya ji sauƙi. Ya ce a jawo. Aka kira mahauci, muka kama tare muka jingina shi da gefen katifa.

Ya ɗora hannu a dunƙulallen kai na gaba, ya shafa, yana murmushi. Ya bi tsawonsa a hankali da tafin nan nasa mai kanta. Da ya kai ƙarshe hannun ya tsaya. Inda ya san dunƙule, ya tarar da wuri sumul kamar bakin tebur. Ya sake shafawa. Mahauci ya sulale ya fita.

"Tela," ya ce. Bai ce 'yata ba. "Nawa?"

Ban ɗauko tef ba. "Bai kai talatin da tara ba, Baba."

"Wa aka ba?"

Matar ta durƙusa a gaban gadon. "Ba a ba kowa ba. Kai ka sha."

Ƙirjinsa na ta kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na so ya zage mu, wallahi da ya fi mini sauƙi.

"Ashe sunana nake shanyewa," ya ce. Ya juya fuska bango.

Bai ƙara karɓar shayi daga hannun kowa ba. Ruwa kawai, shi ma sai ya ɗaga kofin ya shinshina. Na shiga sau biyu neman gafara, ya ce, "Ba komai," irin ba komai ɗin da ake gaya wa baƙo. Rana ta uku da hantsi ya cika.

Tun ba a watse daga gaisuwa ba magana ta zaga layi: likita ya ba shi mako guda, garin ƙashin dodo ya kai shi sama da wata guda. Waɗanda ya hana shekara talatin suka yi layi a ƙofar ɗakin, kowa da 'yar takardarsa a hannu, ƙanwarsa a gaba. Matar ta ce su kwashe, ba ta son ta ƙara ganinsa. Mahauci ya kawo gatarinsa. Ina ɗakin ɗinki ina jin saran ta katanga, na taka keke da ƙarfi ba ƙyalle a ƙarƙashin allura.

Da aka fitar da gadon, matar ta roƙe ni in taya ta share ɗakin. Simintin duk ya yi baƙi don tsufa, ban da wuri ɗaya a jikin bango. Nan shatin ƙashin yake kwance, fari tas, dogo, da dunƙulallen kansa gaba da baya, babu abin da ya ragu. Na share ko'ina, na kewaye wurin da tsintsiya.