Wata na Ashirin da Biyar

Karo na shida ke nan Uwar Sito, mai kula da ɗakin ajiyar kaya, ta ɗora na'urar karanta lamba a kan kwalin magani, karo na shida kuma kwamfutar ta yi ƙara ta watso mata jan rubutu: an ƙi, akwai kuskure a bayanan kaya.

"Ni kam na gaji," in ji ta, ta dangwarar da na'urar a kan tebur. "Wannan ta ƙi shi, wancan ta ce ya lalace, alhali makon jiya aka sauke shi. Likita, taso ka duba mara lafiyarka."

Likita bai ko motsa daga kujerarsa ba. Shekara goma sha huɗu ke nan yana kula da kwamfutocin wannan kamfani mai rarraba magunguna ga asibitoci da shaguna, har ma'aikata suka laƙaba masa sunan, wai duk gidan maganin shi kaɗai ne ya taɓa warkar da wani abu da hannunsa.

"Ai ta tashi daga hannuna," ya ce. "An kawo mata ƙwararre. Ki kira Injiniya."

Injiniyan kuwa ba kowa ba ne illa Auta, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Likita ne ya fara ɗora yatsun Auta a kan madannai, a wata tsohuwar kwamfuta da ya harhaɗa daga tarkace ya ajiye a ɗakin mahaifiyarsu. Yau ga Auta ya zama babban ma'aikaci a kamfanin da ya sayar musu da sabuwar manhaja. Shi aka turo ya kwashe bayanan sito kaf daga tsohuwar ya zuba a sabuwar a ƙarshen mako. Ranar da ya zo, Manaja ya tara ma'aikata, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ga wanda zai fitar da mu daga duhu." Kowa ya tafa. Likita ma ya tafa, amma kalmar ta tsaya masa a maƙoshi kamar ƙayar kifi. Duhun nan shi ne ya yi ta lallaɓa shi shekara da shekaru, yana ɗinke nan, yana toshe can, ba a taɓa yin kwana ɗaya mota ba ta fita ba. Ba wanda ya taɓa tara mutane dominsa.

Yanzu ga safiyar Litinin, motoci huɗu a tsakar gida baki buɗe, masu lodi sun zauna a kan kwalaye suna hira, direbobi suna leƙowa ta taga. Auta ya cire kwat ɗinsa ya rataye a bayan kujera. Waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana magana da ofishinsu, yana kashe kwamfuta yana kunnawa. Ya cire wayar na'urar karanta lamba ya mayar. Ya sake ɗora manhajar firinta. Jan rubutun nan ko gezau.

Da ƙarfe takwas da minti arba'in, Likita ya juya fuskar kwamfutarsa ta kalli bango, ya shiga sabuwar manhajar da lambar sirrinsa. Don ganin ƙwaf kawai, haka ya gaya wa kansa. Ya buɗe bayanan wani kwalin da aka ƙi. A tsohuwar manhaja an rubuta ranar ƙarewar aikin maganin 25/11, wato ashirin da biyar ga Nuwamba, rana a gaba, wata a baya, kamar yadda suka saba. Ya leƙa shafin saiti na sabuwar. Ita wata take karantawa da farko, sannan rana. Tana ta neman wata na ashirin da biyar a cikin shekara, ta rasa, shi ya sa take ihu. Wanda kuma aka rubuta 02/11, biyu ga Nuwamba, ita a wurinta sha ɗaya ga Fabrairu ne, ya daɗe da lalacewa.

Iyakar ciwon ke nan. A juya saiti ɗaya, a sake zuba bayanan, aikin da bai fi minti arba'in ba.

Ya ɗaga kai ya kalli ƙaninsa. Gumi ya jiƙa bayan farar rigar Auta, ya zana taswira. Wani abu mai sanyi da zaƙi ya ratsa ƙirjin Likita, irin wanda rabonsa da shi har ya manta. Ya rufe shafin a hankali, ya ɗauki kofin shayinsa ya kurɓa.

Manaja ya sauko daga bene yana sharce goshi. "Injiniya, ina muka kwana? Asibitoci sun fara kira."

"Muna kai, ranka ya daɗe. Ina zargin na'urorin nan ne ba su jitu da sabuwar ba."

"Likita, kai fa? Ba ka da wata shawara?"

"Ranka ya daɗe, ni ɗan zamanin duhu ne. Wannan aikin masu fitila ne."

Masu lodi suka kwashe da dariya. Manaja ya yi tsaki ya juya. Auta ya yi murmushin yaƙe, ya ci gaba da danne-danne.

Can da ido ya ɗauke, sai ya matso kusa da teburin yayansa, ya sunkuyo, ya rage murya yadda yake yi tun suna yara in ya yi ɓarna.

"Yaya, don Allah. Tsohuwar nan tana da wani hali da ban sani ba?"

"Halayenta ai da yawa. Wanne zan fara faɗa maka?"

"Ko wanne ne. Ofishinmu sun ce in rana ta raba ban gyara ba za su turo wani."

Likita ya kalli fuskar nan mai kama da ta mahaifinsu. Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Sai idonsa ya faɗa kan katin da ke rataye a wuyan Auta, mai hoto da babban muƙami da aka rubuta da ruwan zinariya.

"Ka bi a hankali," ya ce. "Za ka gano. Ai ku ne masu takardu."

Da tara da rabi haƙurin Manaja ya ƙare. Ya ba da umarni a loda duk abin da kwamfutar ta yarda da shi, sauran su jira. Aka cika mota ɗaya da ƙyar, ta Dogo, direban da ke kai kaya asibitin yara. Dogo ya buga ƙofa, ya danna ham sau biyu, ya fice.

Likita ya yi ta zama yana goge madannan da ba su da datti. Ya shirya a ransa zai bari sai sha ɗaya da rabi, lokacin da ido ya raina fata, sannan ya taso a natse, hannu a aljihu, ya ce bari ya ɗan gwada. Har ya hango yadda Manaja zai kalle shi. Har ya tsara yadda zai ba matarsa labarin da yamma, ita da kullum take cewa, "Auta fa ya yi gaba, Allah ya ƙara ɗaukaka," ba ta san inda maganar take sauka ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Uwar Sito ta zo ta zauna a gefen teburinsa tana fifita da kwali.

"Wannan manhaja taku ba ta da kai," ta ce. "Sabon kaya ta ƙi. Amma ruwan maganin yaran nan na layin ƙarshe, wanda nake zaton lokacinsa ya zo, lafiya lau ta karɓe shi. Na ce to, ƙila ni ce tsufa ya fara taɓa ni."

Hannun Likita ya tsaya cak. "Wane magani?"

"Na ciwon ƙirjin nan. Katan uku. Suna motar Dogo."

Ya buɗe shafin, yatsunsa suna kuskure lambar sirri har sau biyu. Ga shi nan: 07/05. Bakwai ga Mayu. Yau ashirin ga wata, kwana goma sha uku ke nan da ƙarewar aikinsa. Sabuwar manhaja kuwa ta karanta biyar ga Yuli, ta ba shi koren haske. Tun safe hankalinsa yana kan waɗanda ta ƙi, bai taɓa tunanin waɗanda ta karɓa bisa kuskure ba.

Ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Auta! Kwanan wata ne! Ta juya rana da wata! Uwar Sito, kira Dogo, maza!"

Wayar Dogo ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A kira na huɗu ya amsa, bakinsa cike da abinci, ya ce ai tuni ya sauke, har an sa masa hannu. Manaja ya fizgi wayar ofis ya kira ɗakin magani na asibitin da kansa, yana ba da haƙuri kamar zai durƙusa. Sito ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan firji. Matar da ke can ta ce a riƙe. Aka riƙe minti bakwai, Likita yana tsaye yana kallon agogon bango. Da ta dawo ta ce katan biyu ba a buɗe ba, na uku an fitar da kwalba huɗu. Biyu suna ɗakin kwantar da marasa lafiya, an karɓo su da hatiminsu. Biyu an miƙa wa iyaye, an tare ɗaya a bakin ƙofa, ɗayar kuma an same ta a waya tana cikin motar haya, ta ce za ta juyo.

"Ba yaron da ya sha?" in ji Manaja.

"Babu," in ji matar. "Amma rahoto nake so a rubuce, yau, da yadda aka yi da lokacin da aka gano."

Auta ya koma kan kwamfutarsa. Ya juya saitin, ya share bayanan, ya sake zuba su. Kafin ƙarfe ɗaya na'urar Uwar Sito ta fara ƙara mai daɗi, kore bayan kore, masu lodi suka miƙe suna miƙa.

"Injiniya, ka fitar da mu kunya," in ji Manaja.

"Ba ni ba ne, ranka ya daɗe. Yayana ne ya gano. Da ba don shi ba da yanzu wani zance ake yi."

Manaja ya juyo ya kama hannun Likita da hannu biyu yana girgizawa. "Tsohuwar zuma! Da ita ake magani. Kai za ka rubuta mana rahoton, tunda kai ka san kansa." Uwar Sito ta rangaɗa guɗa, masu lodi suka tafa. Tafin da ya shekara goma sha huɗu yana jira ke nan, ga shi ya zo, ya kuma ji shi kamar ana yayyafa masa yashi a ido.

Ya zame ya shiga ɗan ɗakin da babbar kwamfuta take, ya jingina da bango cikin sanyin na'ura. Bai jima ba ƙofa ta buɗe, Auta ya shigo ya tura ta a bayansa, kwat ɗinsa a hannu.

"Yaya, sabuwar nan ba kamar tsohuwar ba ce. Duk shafin da aka buɗe tana rubutawa, da sunan mai buɗewa da lokaci."

Likita bai ɗago ba.

"Takwas da minti arba'in," in ji Auta. "Kwali ɗaya, sai shafin saiti. Minti uku ka yi."

"Auta…"

"Ba wanda zai duba wurin sai ni, ni kuma ban ga komai ba. A rahoton ka rubuta ƙarfe sha ɗaya ka gano. Laifin juya kwanan wata nawa ne, zan ɗauka a ofishinmu." Ya murza wuyan kwat ɗin. "Da ni kaɗai abin zai kayar, wallahi da ban ce maka komai ba. Yayana ne kai, kana da ikon ka bar ni in sha ƙasa. Amma na yara ne a motar nan."

Ya buɗe ƙofa, ya tsaya. "Umma ta ce ka kwana biyu ba ka leƙo ba." Ya fita.

Likita ya koma teburinsa ya buɗe sabon shafi. Ya rubuta abin da ya faru tiryan-tiryan, yadda manhajojin biyu suka saɓa, yawan katan, yawan kwalabe. Ya zo layin lokacin da aka gano matsala, ya rubuta sha ɗaya na safe. Ya zauna yana kallonsa.

Ta taga yana hango Auta a tsakar gida yana sallama da direbobi, yana dariya, kafaɗunsa a sake kamar wanda bai ɗauki komai ba. Muƙami nasa. Takardu nasa. Yanzu kuma har da wannan: shi ne mai rufa asiri, shi ne mai yafiya, shi ne babba. Daga yau duk ranar da suka haɗu a ɗakin Umma, Auta zai gaishe shi da ladabi, shi kuma zai amsa yana sane da cewa a inuwar ƙaninsa yake zaune.

A'a. Wannan kam ba zai bar masa ba.

Ya goge sha ɗaya, ya rubuta takwas da minti arba'in. A ƙasa ya ƙara layi guda: wanda ya gano bai sanar ba sai bayan awa biyu da minti ashirin. Ya buga takardar, ya sa hannu, ya hau bene da ita tun ɗuminta bai huce ba, ya ƙwanƙwasa ƙofar Manaja.