Madubin Kelechi

Madubin da Kelechi ya saka mana ya kama mai cinye intanet, amma Kelechin ne ya rasa shago.

Ni ne Lawan, ciyaman na masu shaguna a filazarmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Kayan janareto nake sayarwa. Intanet ɗaya muke sha gaba ɗayanmu, daga wani akwati a ƙarƙashin bene da ake kira suwic. Ramuka ne jere a jikinsa, kowane shago da wayarsa. Sai abin ya fara rarrafe, masu POS suna ta zagi. Na kira Kelechi mai gyaran kwamfuta, haifaffen Kano ne, ya fi wasunmu Hausa.

Ya shiga cikin akwatin ta laftof ɗinsa. Ya ce ya umarce shi duk abin da ya bi ta babbar wayar da ke kawo mana intanet, ya kwafa ya zuba a ramin ƙarshe. Nan ya jona tasa wayar, ya ja ta zuwa shagonsa.

“Kamar madubi ne, Ciyaman. Zan ga wa yake jan kaya da yawa.”

“Har abin da mutum ya rubuta?”

“A'a, wannan a kulle yake wucewa. Inda ya fito, inda za shi, da nauyinsa, shi ke nan.”

Kafin la'asar ya gano. Ashiru ne mai tura fina-finai a waya, yana ta sauke na Indiya ba dare ba rana. Kelechi ya ce bari ya kashe madubin, aiki ya ƙare. Na ce ya bar shi. A taro na faɗa wa kowa cewa yanzu duk abin da mutum ya yi a wayarsa muna gani. Mutanenmu ba sa jin lallashi, sai tsoro. Kuma ya yi aiki, intanet ya miƙe.

Ba a daɗe ba aka sace WhatsApp ɗin Hajiya Indo mai atamfa. Wani ya riƙa bin kwastomominta da sunanta yana roƙo. Ashiru ne ya fara zuwa jaje, ya nuna mata wayar da ta bi bango ta shige shagon Kelechi.

Ta same shi yana kwance wata firinta.

“Kelechi, ɗa na ɗauke ka. Ashe leƙena kake yi?”

“Hajiya, wani bai kira ki ya ce ki karanto masa lambobi ba?”

“Ya kira. Amma wa ya ba shi lambata?”

“Tana jikin allon shagonki, Hajiya.”

Ashiru ya yi dariya daga ƙofa. “Injiniya, mai idon bango. Ni ma ka faɗa musu fim ɗin da na kalla jiya mana.”

Na shiga tsakani, na ce madubin ba ya karanta saƙo. Hajiya ta dube ni.

“Malam Lawan, da bakinka ka ce kuna ganin komai. Yaushe ka yi ƙarya, ran nan ko yau?”

Na ce ran nan. Ba wanda ya yarda. Suka ce ina kare shi ne don ni na kawo shi.

Kelechi ya kashe madubin a gabansu, ya juya musu laftof su gani. Turanci ne da lambobi, ba wanda ya gane komai. Ya zare wayar ya miƙa wa Ashiru. Ashiru ya ce ai wanda ya iya kunnawa zai sake kunnawa daga gida.

Daga nan ba wanda ya ƙara kai masa waya ko kwamfuta. Labari ya kai Daurawa, ya kai Babban Giji, har wata makaranta da yake kula da kwamfutocinta ta sallame shi. Masu shaguna suka kai ƙara wajen mai filaza, ya ce shi ba ya son rigima, Kelechi ya tashi. Na je na yi magana, ya ba ni lemo ya raka ni ƙofa.

Ranar da Kelechi ya kwashe kaya, a-daidaita-sahu biyu suka ɗauke komai. Na kama masa teburi.

“Da ka bari na kashe shi, Ciyaman.”

Na ɗora masa teburin a kan sauran kayan. Yanzu a ƙarƙashin lema Kelechi yake zaune a bakin titin gidan Zoo, yana manna gilas a fuskar waya. Ko a can, in mutum ya miƙa masa waya, sai mai wayar ya tsaya a kansa har ya gama.